Jan ƙyallen da na sa Yaya ya jefa

Ni dai ban taɓa son wasan nan ba, har gobe kuma ba na son sa. Ƙarti da hular kwano su yi ta gwara kai, a busa usur, a tsaya, a sake. Amma Yaya, babban wana, ya yi shekaru yana tuƙin tasi a Amurka kafin ya koma Guangzhou ta ƙasar Sin yana loda wa mutane kaya a kwantena, kuma da jarabar ƙwallon can ya taho. Wasan daren Lahadinsu, a Guangzhou safiyar Litinin ce. Duk lokacin da na je sarin abaya, kafin in fita kasuwar Guangyuan sai na haɗa mana shayi a ɗakinsa na unguwar Dengfeng, shi kuma yana ta faɗa da talabijin.

A zuwana na ƙarshe na tarar ya rame, idanunsa sun yi ɗorawa, wando sai ya riƙe da hannu. Sai da na ritsa shi sannan ya faɗa mini. Likita ya ce ciwon daji ne a hanta, ya riga ya yi nisa, in yana son ganin gida ya hau jirgi a makon nan tun yana iya zama a kujera. Har ya yanki tikitin Alhamis. Akwatinsa na jingine a bayan ƙofa, a ciki da bargo mai laushi da ya saya wa Inna, wadda ta shekara shida ba ta sa shi a ido ba.

Ranar Litinin ya kunna wasansa kamar babu abin da ya faru. Ina zaune ina cika ina batsewa, sai na ga wani dattijo a gefen fili ya zaro jan ƙyalle daga safarsa ya wurga.

Na ce, "Wannan kuma haukan me yake yi?"

Yaya ya ce, "Koci ne, Auta. Bai yarda da hukuncin alƙalin wasa ba, yana so a duba bidiyo. Sau biyu ake ba shi dama, kuma dole ya jefa kafin a ci gaba da wasa. In aka ci gaba, magana ta wuce."

"To me zai hana kowa ya jefa?"

"Ba kyauta ba ne. Kowace ƙungiya tana da damar tsayar da agogo sau uku a rabin wasa. In aka duba aka ga alƙali ne da gaskiya, sai a ƙwace masa guda. Wanda ya ƙarar da nasa ma ba shi da ikon jefawa. Kuma ba sa juya hukunci sai sun ga hujja ƙarara." Ya kurɓi shayi da kyar. "Koci mai hankali agogo yake fara kallo."

Wannan ƙarshen maganar ban ji ta ba. Abin da kunnena ya kama shi ne ana iya juya hukunci. Na miƙe na hau shi da masifa. Na ce haba Yaya, ɗan wasa ma ana sake duba masa bidiyo, kai da ranka sukutum likita ɗaya ya yi magana ka haɗa akwati? Na ce ga manyan asibitoci a garin nan, a gida wane aiki za a yi maka? Na yi kuka, na rantse in ya hau jirgin nan ba a sake gwaji ba, ba zan yafe masa ba.

Ya daɗe yana kallona. A talabijin alƙali ya dawo tsakiyar fili yana sanarwa, dattijon nan ya sunkuya ya tsinci ƙyallensa. Yaya ya ce, "Ke dai da fitina kike tun kina goye." Ya miƙo mini wayarsa, da hannuna na ɗaga tikitin.

Asibiti na biyu suka ce mu dawo jibi. Jibi aka ɗebi jini, aka ce hoto sai mako mai zuwa. Kullum muna benci da lamba a hannu, ina ƙirga waɗanda ke gabanmu, shi yana gyangyaɗi. Cikinsa ya fara kumbura. Takalminsa ya daina shiga, na sayo silifa. Rannan a matakalar gidansa ya zauna a hawa na biyu ya ce in ba shi minti biyar, muka yi kusan awa. Amma bakin nan nawa bai daina cewa gobe za mu ji alheri ba.

Kwana goma sha ɗaya kafin sakamako ya fito, kuma abin da likitan farko ya faɗa shi suka maimaita. Na ce to a ba mu takardar da kamfanin jirgi ke nema ga mara lafiya. Likitar ta dubi Yaya a kan keken guragu, ta girgiza kai. Na roƙe ta da Turanci, da Hausa, da ɗan Sinancin kasuwa da na iya. Ta ce, "Meyo," kalmar da masu shago ke faɗa mini in kaya ya ƙare.

Bai taɓa ce mini ke kika ja ba. Da ya faɗa, wallahi da na fi samun sauƙi. Litinin ɗinsa ta ƙarshe na riƙe masa waya a gadon asibiti yana kallo da ido ɗaya. Wani koci ya sa hannu a aljihu, ya ɗaga kai ya dubi agogo, ya fasa. Yaya ya yi ɗan murmushi, ni kuwa na fita baranda.

'Yan uwa Hausawa na unguwar suka yi masa sutura, a can muka binne shi. Na dawo Kano da akwatinsa kamar yadda ya haɗa shi. An riga an gaya wa Inna ta waya, ta sani sarai. Duk da haka da na shigo zaure ina jan akwatin, ba ni ta kalla ba, bayana ta leƙa.