Shuwaka a Duniyar Mars

Ni dai mai son gida ce. Tun da aure ya kawo ni Samaru, in an cire majami'a da cefane, ƙafata ba ta cika wuce bakin titi ba. Bakina ne ke yawon. Maigidana, wanda yake tuƙa tarakta a gonar jami'a, yakan ce in ya dawo daga aiki tun daga kan kwana yake sanin ina gida.

'Yar autata kuwa ban san inda ta ɗauko nata halin ba. In ta yi magana sai an ce ta maimaita. Wata Kirsimeti aka ba ta aya ɗaya ta karanta gaban jama'a, ta hau, ta dubi mutane, ta sauko ta shige bayan zanena. Abin yana damuna, don ta sha gaya mini a ɗaki cewa malanta take so ta yi, ni kuma ban taɓa ganin malamar da ke koyar da yara da raɗa ba.

Tana aji biyar na sakandare, a shekarun nan da wayar hannu ta fara shigowa, malaminsu na Turanci ya zaɓe ta ta tsaya wa makarantarsu a muhawara da wata makaranta ta Palladan, saboda duk ajin ba wanda ya kai ta iya rubutu. Batun da aka ba su shi ne ko ya kamata ɗan'adam ya je ya kafa zama a wata duniya. Ita aka ba ɓangaren masu cewa a je. Malamin ya ce mata in ta gudu wannan karon ba zai ƙara sa sunanta ba.

Ana saura 'yan kwanaki, da yamma, ina zaune tsakar gida ina tsinkar zogale tare da maƙwabciyata mai ƙosai, Auta ta fito da takardunta ta ce mu zama abokan hamayyarta ta gwada. Da Hausa za ta yi, tun da Turancinmu mu biyu bai cika cokali ba. Muka gyara zama.

Ta fara a hankali. Ta ce mutane suna ƙaruwa, ƙasa ba ta ƙaruwa. Ta ce akwai wata duniya mai jar ƙasa da ake kira Mars, an riga an aika na'ura ta sauka can, kuma masana suna ganin alamar ruwa a daskare.

Mai ƙosai ta ce, "Auta, iska fa?"

"Babu irin wadda ake shaƙa, Inna. A rufaffen ɗaki za a zauna, a riƙa yin iskar a ciki."

"To in babu iska ai babu wuta. Da me zan soya ƙosai?"

"Da lantarki. Daga hasken rana."

"Lantarki. Mu da muke nan ƙasa rabonmu da shi tun shekaranjiya."

Na tambayi ruwa. Auta ta sunkuyar da kai ta ce ba a zubar da ko ɗigo, duk wanda aka yi amfani da shi tacewa ake yi a sake sha. Mai ƙosai ta ce, "Duk?" Auta ta ce, "Duk." Muka fahimci abin da take nufi, muka yi dariya har zogalen ya zube.

Daga nan bakina ya samu hanya. Na ce to mace ta haihu a can, wa zai yi mata wankan jego? Tukunyar ruwan zafi safe da yamma, ga ganyen darbejiya, ga kunun kanwa, ina za a samo? Wa zai shigo barka? In yaro ya yi zazzaɓi wace maƙwabciya za a ƙwanƙwasa wa ƙofa? In mutum ya rasu, su wa za su raka shi, kuma ƙasar wa za a ce ya koma? Mai ƙosai tana ƙara mini gishiri, ina ƙara mata. Mun ji daɗinmu sosai. Sai da muka juya muka ga Auta ta naɗe takardunta.

Ta ce, "Gaskiyarku ne, Mama. Ba zai yiwu ba. Ni ba zan tsaya gaban mutane in faɗi abin da ban yarda da shi ba. Gobe zan gaya wa malam ya nemi wata."

Da maigidana ya dawo ya ji labari, ya ce, "Ku biyun nan ko lauya aka kawo muku sai ya ajiye rigarsa. Maman yara, ke kika rushe, sai ki gina."

Na gwada. Washegari da safe ina dama koko ina yabon Mars, na ce ai fili ne fetal, ba mai gidan haya mai tashin mutum, ba sauro. Auta ta dube ni ta ce, "Mama, ke da ko Kaduna ba kya kwana." Na ci gaba da dama kokona.

Ina wanke-wanke wata tsohuwa ta faɗo mini a rai, mutuniyar kudu da ke Sabon Gari, wadda nake aikawa a sayo mini shuwaka a gidanta. Na san tun ban zo duniya ba take Zariya. Da Auta ta dawo daga makaranta na ce kada ta cire takalmi. Mai ƙosai ta gan ni da ɗankwalin fita ta ce, "Lafiya? Yau ba Lahadi ba." Ni da Auta muka shiga bas ɗin Sabon Gari.

Gidan yana bayan kasuwa, wajen layin dogo. Mun same ta a bayan ɗaki kan kujera 'yar tsugunno, tsakanin shuwaka da ta fi mutum tsayi da ganyen miyarsu na ugu da ya hau katanga. Na gaishe ta, na faɗi abin da ya kawo mu. Ta sa hannu a kunne. Ashe kunnen ya yi nauyi tun ganina da ita na ƙarshe. Na ɗaga murya, ta ce, "Ke na san muryarki, tana cika mini kai. Bar yarinya ta faɗa da kanta."

Auta ta faɗa. Tsohuwa ta ce, "Eh?" Ta sake. "Eh?" A karo na gaba 'yata ta buɗe maƙogwaro ta ce, "Mama, wai mutane za su koma wata duniya da zama!" Kajin gidan suka watse. Tun da na haife ta ban taɓa jin wannan muryar ba.

Tsohuwa ta yi dariya da sauran haƙoranta. Ta ce, "Ai ni na riga su."

Hausarta irin ta Sabon Gari ce, tana ɗan karyewa, amma komai yana fita. Ta ce tana amarya aka sako ta a jirgin ƙasa, mijinta yana aikin reluwe. A garinsu an gaya mata Arewa babu ruwa, rana tana ƙona mutum, ba wanda zai ji yarenta. Mahaifiyarta ta yi kuka kamar an kai ta kabari. Abin da ta riƙo shi ne rassan shuwakar bayan ɗakinsu, a naɗe cikin jiƙaƙƙen tsumma, tana raba ruwan shanta da su a hanya. Ranin farko duk suka bushe sai guda. Wannan gudan ta raya shi da ruwan da ta wanke shinkafa, ta wanke kwano da shi, sannan ta zuba masa.

Auta ta matso, da ƙarfi ta ce, "Ba ki zubar da ruwa ke nan?"

"Zubarwa? Ruwan da na ɗauko a kai?"

"Da kika haihu fa, wa ya yi miki wanka?"

Ta ce matar mai gidan da suke haya ce, Bahaushiya, ba mai jin yaren wata. Ta shigo da tafasasshen ruwa da ganye, ita kuwa ta ɗauka dafa ta za a yi, ta yi ihu har maza suka taru a waje. Daga baya ta saba, ta koya wa matar miyar barkonon da ake ba mai jego a garinsu, suka haɗa biyun. Haka aka yi wa duk 'ya'yanta.

"Da kin san wuyar, za ki zo?"

"Gonar babanmu ba ta ishe mu ba, 'yata. Ba yawon buɗe ido na zo ba." Ta nuna wasu yara da ke wasa a bakin rijiya. "Waɗannan jikokina ne. In na kai su garinmu, kwana biyu sai su fara kuka a mai da su gida. Mijina ma a nan yake kwance."

Sannan ta ce, "Iska dai a nan kyauta na same ta. Wannan ban san yadda za ku yi ba, ki tambayi malaminku." Da za mu tafi ta yanko reshen shuwaka ta miƙa wa Auta, ta ce in tafiyar ta tashi ta riƙa jiƙa tsumman, ita gwiwa ta hana ta.

Auta ba ta janye ba. Ranar Asabar da safe, ranar muhawarar, na sake ɗaura ɗankwali. Zauren makarantar ya cika da ɗalibai da iyaye. Yaron Palladan ne ya fara, dogo, yana ta sara iska da hannu. Ban ji Turancinsa ba, amma na gane iska da ruwan nan namu ne yake jerowa. Aka kira Auta. Ta hau, ta dubi mutane, ta fara, ni kaina da ke layi na uku ban ji komai ba. Wani daga baya ya ce, "Ba ma ji." Na ga ta kalli matakalar sauka.

Ba ta sauka ba. Ta ja numfashi ta ɗaga murya daidai yadda ta yi wa tsohuwar, har wani malami da ke gyangyaɗi a gefe ya farka. Turanci ya yi ta zuba, ina kama abin da zan iya. Na ji "Mars", na ji "Sabon Gari", zaure ya fashe da dariya, ta jira suka gama ta ci gaba. Har hannu ta ɗaga sau ɗaya.

Palladan ce ta ci. Alƙalan sun ce batun iska ba a amsa shi da kyau ba. Malaminsu na Turanci ya zo ya same mu a waje, ya ce zango mai zuwa ita ce za ta buɗe musu.

A bas ɗin komawa Samaru ba ta zauna shiru ba. Ta ce alƙalan ba su saurara ba, ai ta faɗa musu tsirrai suna ba da iska, kuma daga ruwan daskararren nan ma ana iya fitar da ita. Wani ɗalibin jami'a da ke gabanmu ya juyo ya ce ba haka da sauƙi ba. Ta ce ita ma ba ta ce da sauƙi ba. Kwandasta ya ce, "Ƙanwata, can ɗin akwai lodi? In akwai in bar wannan layin." Ta juya kansa shi ma, tana yi masa bayanin watannin da ake yi a hanya, fasinjoji suna sa baki, ni kuwa na riƙe jakata ina saurare. Sai da direba ya kashe mota a tasha ta ƙarshe muka lura mun wuce kwanar gidanmu, muka dawo a ƙafa, tana ta magana.