Ranar da Karen Maƙwabcina Ya Tsere Daga Asibiti

Shekaru kaɗan baya, lokacin ina zaune a unguwar International City, can ƙasar Larabawa, wani abu ya faru da ni wanda har yau in na tuna sai tsikar jikina ta tashi. Kuma a kan kare ne, ni da na taso a Kano a layin da in kare ya ɓullo kowa sai ya tattare rigarsa ya ba shi hanya.

Abokina maƙwabcina ne, ƙofarmu na kallon juna a hawa na uku. Mutumin Kafanchan ne, Kirista, yana aikin gyaran na'urar sanyaya ɗaki. Hausa ce ta haɗa mu a cikin lif, ya ji ina waya da gida ya ce, "A'a, Malam, ashe namu ne!" Daga nan muka ƙulla.

Yana da wani kare dogo siriri, ruwan ƙasa, da ya tsinta a bayan wani gini inda suka je aiki. Masu shi sun bar ƙasar, sun ɗaure shi a jikin ƙarfe sun tafi abinsu. Ba wanda ya san abin da ya gani kafin nan, amma ban taɓa ganin halitta mai tsoro irinsa ba. In aka bugo ƙofa da ƙarfi sai ya shige ƙarƙashin gado yana karkarwa. Ko haushi ba ya yi. Ni da shi kuwa mun fahimci juna: ina tsoronsa, yana tsorona. In na shiga shan shayi, ina wannan lungu yana wancan, muna satar kallon juna.

Ana nan sai abokina ya faɗo daga tsani a wurin aiki ya karye a ƙafa. Aka ɗaure ƙafar, aka ba shi sandunan dogarawa. A cikin kwanakin kuma kunnen karen ya kumbura, yana ta sosawa har jini na fita. Wata safiya ya ƙwanƙwasa mini ƙofa.

"Malam, alfarma zan roƙa. Ka kai mu asibitin dabbobi a Al Nahda."

Na ce, "Kare a motata, mutumina?"

"Zan shimfiɗa bargo. Tuƙi kawai za ka yi, ba ruwanka da taɓa shi."

Na amince. A gabana ya kira asibitin, ya yi musu bayani dalla-dalla cewa karen matsoraci ne, ba ya son hayaniya, kuma kada a raba shi da mai shi. Matar da ta ɗauka ta ce ba komai, mu zo da rana tsaka, lokacin babu mutane. Tsakiyar zafi ne, irin wanda in ka taɓa sitiyari sai ka janye hannu.

Da muka isa, wurin cike yake. Wani ƙaton kare na ta haushi a kusurwa, kyanwoyi na kuka a cikin kwanduna, talabijin na ta surutu. Muna shiga karen ya manne da ƙasa, fitsari ya zubo masa. Abokina ya lallaɓa zuwa wurin matar da ke karɓar mutane ya ce don Allah a bar mu mu jira a mota, in layi ya zo a kira mu. Ko ɗago kai ba ta yi ba. Ta ce, "Shwayya shwayya," wato a bi a hankali, "ku zauna."

Muka zauna. Karen ya cusa kansa ƙarƙashin kujerar abokina, shi kuma yana shafa bayansa yana yi masa magana a hankali.

Can sai wani ma'aikaci ya fito, ƙaƙƙarfa, cikin korayen kaya. Ya ce, "Yalla, maza, kawo shi." Abokina ya fara cewa zai shiga tare da shi, amma kafin ya rufe baki mutumin ya fizge igiyar. Karen ya ƙara maƙalewa. Sai mutumin ya koma ciki ya dawo da wata doguwar sanda mai zarge a baki, ya zura ta ƙarƙashin kujera, ya zarga masa a wuya, ya jawo.

Ranar na fara jin muryar karen nan. Ba haushi ba ne, wani ihu ne siriri kamar na yaron da ya taka wuta. Farcensa na karce daɓe, idanunsa sun firfito, ana jansa kamar buhu. Abokina ya zabura zai miƙe, sandarsa ta zame a cikin fitsarin, ya faɗi a kan ƙafar da ta karye. Kafin in ɗaga shi an shige da karen an rufe ƙofa. Na je na tura, matar ta ce ba a shiga.

Daga ciki muka ji ƙarar faranti ya faɗi, muka ji gudu, sai kuma tsit.

Likitan ne ya fito, takunkumi a hannunsa, ko a jikinsa. Ya ce karenmu ya fita.

Na ce, "Ya fita ina?"

Ashe ƙofar baya a buɗe take, ana sauke kaya. Suna ƙoƙarin sa masa takunkumi ya suɓuce ya bi ta nan. Sannan likitan ya ƙara da abin da ya sa na daskare a tsaye. Ya ce, "Habibi, karen nan yana da wahala. Ai da kun gaya mana tun farko."

Abokina kuwa Turancin ma ya gudu daga bakinsa, da Hausa ya yi masa tsawa: "Na gaya muku! Wallahi na gaya muku!" Sai ya riƙo hannuna. "Malam, kwalta. Ƙasa ta yi zafi. Ƙafafunsa."

Na fita a guje. Ni da ko mota za ta bar ni ba na gudu. Zafin kwalta na ratso takalmina, ga babban titin da ya nufi Sharjah motoci na wucewa kamar iska. Duk lokacin da na ji birki sai in waiwaya in duba titi. Na tambayi mai shago, ya girgiza kai. Na tambayi wani mai babur ɗin kai abinci, ya nuna mini bayan wasu benaye. Ina shiga lungun na fara ganin ɗigon jini a ƙasa, ƙanana, jere, na bi su.

A ƙarƙashin wata motar bas da aka ajiye a fili na same shi. Harshe a waje, numfashi sama-sama, wuyansa ya goge. Na durƙusa, ƙasar ta ƙone mini gwiwa. Ban san me ake ce wa kare ba. Hausa kawai na yi masa: "Sannu. Ni ne, maƙwabcinku. Zo, ba mai taɓa ka." Na daɗe ina maimaitawa. Ya dube ni, ya dube ni, sannan ya jawo ciki ya fito. Da ya gwada tsayawa sai ya zube, fatar tafin ƙafafunsa duk ta saɓule.

Ban yi shawara da kowa ba, har da kaina. Na sungume shi na rungume. Ina jin bugun zuciyarsa a ƙirjina, da sauri kamar za ta fashe, ya cusa hancinsa a hammatata.

Da na dawo bakin asibitin, ma'aikacin nan ya miƙo hannu wai zai karɓe shi. Na daka masa tsawar da ni kaina ban san ina da ita ba: "Khalas! Ya isa! Kada ka kuskura!" Ya ja da baya. Na sa karen a mota, na koma na tallabo abokina, muka tafi. Ba wanda ya ce mana ku yi haƙuri.

Wani ƙaramin asibiti muka samu a Al Khabaisi. Likitar mace ce, da ta gan mu sai ta rage fitila, ta zauna a ƙasa, ta bar shi ya shinshina hannunta kafin ta taɓa shi. Ta ce da ya ƙara jimawa a ranar nan, zafin kaɗai ya isa ya kashe shi. Aka sanyaya jikinsa, aka naɗe ƙafafun huɗu, aka wanke kunnen. Ita ma ƙafar abokina sai da aka sake dubawa. Haka na koma mai jinyar guragu biyu, ina kai wa ɗaya shayi ina saukar da ɗaya ƙasa a hannu.

Duk sun warke. Amma ni abin bai bar ni ba. Ba gudun ne ya fi girgiza ni ba, ba kuma jinin ba. Yadda mutanen da aikinsu ke nan suka ga tsoro ƙarara a idon dabba suka ɗauke shi taurin kai, shi ne har yau na kasa haɗiyewa. Tun daga lokacin, in na ga yaro ya ƙanƙame uwarsa a asibiti, ko sabon zuwa ya rikice a ofis ana yi masa tsawa, ba na saurin cewa ya cika wahala.

Da na ba mahaifiyata labari a waya, sai ta ce, "Kare ka ɗauka a ƙirjinka?"

Na ce, "Eh, Hajiya."

"Ka dai wanke rigar?"

"Na wanke."

Na zaci faɗa ne zai biyo baya. Sai na ji ta ce, "To, Allah ya ba ka lada. Ƙafafun nasa fa, yana takawa yanzu?"