Rabin Buta

Bayan rasuwar ɗiyata abin ya fara. Dutsen zinare muke niƙawa a cikin gida, a ƙauyenmu kusa da Anka, ita kuma tana rarrafe cikin ƙurar. Aka ce gubar dalma ce. Ni na kawo dutsen nan gida da hannuna.

Daga nan alwala ta gagare ni. In wanke hannu, in kai har ƙafa, sai zuciyata ta ce hannun bai wanku ba. In koma farko. Buta uku, buta huɗu. Mahaifina ne limamin unguwarmu, a da ni ke jan salla in ba ya nan, sai ga ni tsugune bakin rariya, ina ji a tada kabbara, ina ji a sallame, ban tashi ba. La'asar kan riske ni ina alwalar azahar. Yatsuna duk suka tsattsage. Wallahi na tsani butar nan, kuma na kasa ajiye ta.

Malam, haka muke kiran mahaifina, ya yi ta yi mini rubutu ina sha. Inna ce ta gaji, ta tasa ni gaba sai asibiti. Ma'aikacin da ke duba masu ciwon damuwa ya saurare ni, ya rubuta magani, sannan ya ce in taho da Malam. Na ce a raina, kai dai ba ka san Malam ba.

Malam ya je yana ta cin magani. Ma'aikacin ya gaishe shi, ya ce, "Allah gafarta Malam, wanda shakka ta addaba kullum a wurin alwala, mi ne hukuncinsa?"

Malam ya ce, "Ba ya komawa. Ya watsar da shakkar, ya yi sallarsa."

"To ga shi nan zaune kusa da kai."

Malam ya juyo ya dube ni. Shekara da shekaru yana karantar da wannan hukunci a zaure, ni kaina na zauna na ji, amma daga ni har shi babu wanda ya tuna.

Tun ranar shi ke zuba mini ruwa, rabin buta, ya tsaya a kaina. Ina wanke ƙafar hagu ya ɗauke butar. Ina shan maganin, ina shan rubutun. Ban ce na warke ba. Ina cikin sahu zuciyar tana ce mini hannun bai wanku ba, in cije in yi ruku'u.

Wata azahar na riƙe butar, na hana shi ɗauka. Kuka ya ƙwace mini. Na ce, "Malam, ƙara mini kaɗan. Hannun nan ne ya kawo dutsen."

Ya tsuguna, ya kama hannun da damshinsa, ya daɗe yana kallon tsagewar yatsun.

Ya ce, "Ni na ce ku niƙa a cikin gida don kada a sace. Ni ma sau ɗaya nake wankewa. Tashi, an kira salla."