Itacen da Fusi Ta Dasa a Maƙabarta

Yayata Fusi mai gyaran ƙashi ce. A tsibirinmu na Ha'apai, in ciwon kai ya ƙi jin maganin asibiti, kowa ya san saiwa ce ta shiga ƙasusuwan wani mamacin gidan. Sai a kira Fusi ta tone kabarin, ta cire saiwar, ta shafe ƙashin da man kwakwa, ta naɗe shi a sabon ƙyalle ta mayar. A wajen kakarmu ta gaji aikin, kuma ba ta taɓa fashin coci ba. Ita ke ɗaga waƙa a sahun mata.

Sai Latu ya zama dattijon coci, mutumin da ko tari zai yi sai ya duba ko ana kallonsa. Wata Lahadi ya miƙe ya kira sunanta gaban jama'a, ya ce mai sa hannu a kabari 'yar aikin Shaiɗan ce, ba za ta ƙara waƙa a ɗakin Allah ba. Rabin masu gyaɗa masa kai kuwa Fusi ce ta gyara ƙashin iyayensu. Da mijinta ya rasu, Latu ya hana a buga masa ƙararrawa. Wannan ce ba ta yafe ba, ni ma har gobe ban yafe ba.

Kwana bakwai da biso, ta dasa ɗan itacen toa, mai dogayen saiwoyi, a gefen kabarin mijinta, taku uku daga kabarin mahaifin Latu. Kullum da safe tana can da bokitin ruwa. In Latu ya zo wucewa sai ta gaishe shi da fara'a.

"Dattijo, ka ga yadda yake girma? Inuwa nake yi wa tsohonka."

Latu ya sare itacen? Ina! In ya sa masa adda, ya yarda da abin da ya kira aikin Shaiɗan ke nan. Haka ya yi ta kallon itacen yana tsawo shekara goma sha ɗaya, sannan kansa ya fara sarawa. Aka kai shi asibitin babban birni, aka dawo da shi da ƙwayoyi, ciwo yana nan.

Ɗansa Maikolo ya zo daga birnin Okalani, can ƙasar waje, inda ya yi karatu ya kuma ajiye addini gaba ɗaya. Shi ya fara zuwa gidanmu, ya tsaya a ƙofa hannu a aljihu.

"Inna Fusi, ni fa ko da Allah ban yarda ba, balle ƙashin matattu."

"To me ya kawo ka, ɗan boko?"

"Don hankalin Baba ya kwanta kawai."

"Wannan kwalbar da ke leƙowa daga jakarka fa?"

Man kwakwa ne, har kwalba biyu. Ya sunkuyar da kai ya ce shi ma kwana uku ke nan ƙeyarsa na masa nauyi. Na yi dariya har da riƙe ciki.

Fusi ba ta yi dariya ba. "Ka gaya wa ubanka ba na son aladensa, ba na son tabarmarsa a ladan aikina. Inda ya tsaya ya ɓata ni, nan zai tsaya ya roƙe ni. Kuma a buga wa mijina ƙararrawarsa."

Latu ya yi wata guda yana taurin kai, har hasken rana ya gagare shi kallo. Ran wata Lahadi ya miƙe, dafe da kafaɗar ɗansa, tabarmar da mazanmu ke ɗaurawa a ƙugu tana zame masa don rama.

"Fusi, na zalunce ki. Ki taimaki mahaifina."

"Ban ji ba, Dattijo. Ka san 'yar aikin Shaiɗan kunnenta da nauyi."

Ya sake faɗa da ƙarfi. Aka buga ƙararrawa. Wallahi daɗin da na ji ranar ban taɓa jin irinsa ba.

Washegari da hantsi maza suka kwashe yashin kabarin mahaifin Latu suka ja da baya. Maikolo ya fi kowa nisa. Ni da Fusi muka sauka. Muka buɗe ƙyallen tsohon, sai ga ƙashi tas, ko zaren saiwa bai kusance shi ba. Itacen can wajen ruwa ya miƙa saiwoyinsa.

Na dube ta. "Yaya, babu komai fa. Ciwonsa na likita ne. Mu gaya masa ya koma birni."

Ta sa hannu cikin zaninta ta zaro wata saiwa mai kaurin yatsa, wadda ta yanko tun daga gida. Ta shafa mata yashi, ta miƙe ta ɗaga ta sama.

"Ga ta nan, Dattijo! Ta cikin ramin ido ta shiga."

Latu ya durƙusa yana kuka yana mata godiya. Ya ce ya warke, ba ya bukatar komawa wajen likita. Bayan wata biyar muka rufe shi. Fusi ce ta ɗaga waƙa a wajen bisonsa, ni ina gefenta ina amshi, kuma ban buɗe bakina ga kowa ba.