Wilin Motar Da Na Buga A Bakin Teku

Laraba: daga Jidda zuwa ƙauyen masunta

Ƙarfe huɗu da rabi na asuba muka tashi daga gidajen kamfanin da nake yi wa aikin kuku, mota uku a jere. Ku 'yan'uwana na majami'armu da kuke ta tambayar abin da ya dawo da ni gida tun wa'adin aikina bai cika ba, daga nan maganar ta faro. Lokacin hutun makaranta ne, tsakiyar zafi. Madam Hilda, matar babban injiniya, ta shirya wa 'ya'yan ma'aikata Kirista zaman kwana huɗu a bakin teku, a koya musu Littafi Mai Tsarki da waƙa. Yara goma sha bakwai ne, na Turawa da na Indiyawa da na mutanen Lebanon. Ni aka ɗora wa tukunya da koyar da waƙa. A can ba a yarda da taron sujada irin namu ba, don haka takardar da kamfani ya ba mu ta shan iska ce kawai, littattafan waƙa kuwa a ƙarƙashin buhun shinkafa na cusa su.

Mota biyu na yara ne, ta uku wanet, wato a-kori-kura, ɗauke da durom shida na ruwa da kayan abinci da ni. Direbanta Ammu Bakur ne, dogon dattijo Musulmi, Bahaushen Jidda, wanda ni na nemo shi. Kakansa ya zo hajji a ƙafa bai koma ba. A unguwar Ammariyya aka haife shi, bai taɓa ganin ƙasar Hausa ba, amma ba shi da takardar ɗan ƙasa. Iƙamarsa kuma, takardar izinin zama, ta mutu tun rasuwar kafilinsa, Balaraben da ya tsaya masa. Duk wanda aka kama a haka, jirgi ake sa shi.

"Ya Bulus, isma', saurara," ya ce da ni muna fita gari. "Addininku naku ne, ni ruwa nake kaiwa. Ban gani ba, ban ji ba. Bas abu ɗaya, kada a yi hayaniya. 'Ya'ya mata uku gare ni a gida, waraka kuwa, takardar zama, ko ɗaya babu."

"Haba Ammu, yara ne fa da 'yar waƙa," na ce, har ina jin haushin yawan tsoronsa.

Biyar da kwata muka iso shingen sojoji na hanyar Madina. Aka duba takardar Madam. Da aka zo kanmu sai Ammu ya leƙa ya zuba musu Larabcin 'yan gari, ya tsokani ɗaya a kan tumbinsa, suka kwashe da dariya suka ɗaga sanda. Shekara da shekaru da bakinsa yake wuce shinge, ba wanda ya taɓa ce masa kawo takarda.

A Abhur, kilomita talatin daga gari, muka tsaya wata gahawa, wato rumfar shayi, muka karya da waken ful da burodin tamis mai zafi. Bayan wasu kilomita arba'in muka bar kwalta muka faɗa rairayi. Sau biyu motar Madam tana kafewa, muna haƙa da murfin tukunya. Sha ɗaya saura muka iso. Ƙauyen bukkokin katako ne da tsatsattsen kwano, ba su kai ashirin ba, ba bishiya, ba rijiya. Ammu ya nuna mini wani farin gini mai tuta a ƙetaren ruwa, ya ce na masu gadin gaɓar teku ne, kuma a kan ruwa ko tari mutum ya yi yana kai musu.

Alhamis

Wanda bai taɓa zafin bakin tekun nan ba, kada ya ce ya san zafi. Iskar ɗanko ce, riga takan manne wa mutum kamar an shafa masa koko. Ƙudaje sun fi mu yawa. Masunta mutanen kirki ne, suka kawo mana kifi cike da kwando, wata tsohuwa ta nuna mini yadda ake ƙona albasa a dafa shinkafar sayadiyya. Da safe Madam ta karanta wa yara labarin almajirai masu kamun kifi a cikin tanti, murya ƙasa-ƙasa, ni kuma na koya musu waƙa kamar masu raɗa. Kafin azahar yara biyu sun fara amai, ɗaya ta taka ƙayar ruwa.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne tara su. 'Ya'yan manya ne, ba su san a kira su su amsa ba. Da an sake su sai su watse a gaɓar ruwa kamar kajin da aka buɗe wa akurki. Na yi kira har muryata ta dushe, abinci yana hucewa. Da la'asar, a bayan bukkokin, na ci karo da tsohon wilin mota rabinsa a rairayi. Kun san wanda ke rataye a darbejiyar ƙofar majami'armu, wanda nake bugawa tun ina saurayi. Na tono shi, na rataye a sandar rumfar girki, na samo guntun rodi, ina yaba wa kaina dabara. Ammu ya tafi ɗebo ruwa, bai dawo ba sai bayan magariba, a gajiye, bai lura da shi ba.

Juma'a

Juma'a ce ranar hutu a can, ita muke mayarwa Lahadinmu. Ƙarfe bakwai daidai na ɗauki rodin, niyyata in ƙwanƙwasa sau ɗaya ko biyu. Allah ne shaida, ban san lokacin da hannuna ya koma gida ba. Uku-uku a hankali, sannan a jere da sauri, daidai yadda muke kiran sujada. Shekara biyu ban ji wannan sauti ba, har hawaye ya zo mini, na ƙara ƙarfi.

Ammu ya taho a guje ba takalmi, ya fizge rodin.

"Ya majnun! Me na ce maka?"

Bakwai da minti arba'in wata jif ta tsaya a gaban rumfa, shawish ɗaya, wato saje, da sojoji biyu. Madam ta riga ta tura littattafai ƙarƙashin tabarma a cikin tanti, amma ko makaho ya ɗaga tabarmar zai same su. Shawish ya karanta takardar shan iska, ya zagaya wilin, ya ce ya yi aiki a ƙasar Sham, ya san ƙarar kiran coci in ya ji ta. Ya tambayi wanda ya buga.

Iƙamata tana aljihuna, lafiyarta ƙalau, amma an rubuta addinina a ciki. Da na miƙa ta, tanti za a shiga bincike, mu duka a kwashe mu. Rodin yana hannun Ammu har lokacin, sai kawai ya matso gaba.

"Ni ne, ya shawish. Futur ne, kalaci. Yaran nan ba sa jin kira."

Ya shiga barkwancinsa na kullum, yana kwaikwayon yadda yara ke gudu. Sojojin biyu suka yi murmushi. Shawish bai yi ba. Ya dubi Ammu, ya ga tabon sallah a goshinsa, ya daina maganar coci. Sannan ya miƙa hannu.

"Tayyib. Iƙama."

Ina tsaye taku uku daga gare shi. Ni da na sha yi wa Turawa tsawa a kan gishirin miya, ko a ban ce ba. Da za su sa shi a jif ya cillo mini makullin wanet.

"Halas, ya Bulus. Kai wa matata Zainabu. Durom biyu na baya ban rufe su ba, kada ruwan yara ya zube."

Ba a yi sujada ba ranar. Kafin azahar mun kwance tanti, wani Ba'indiye ya ja wanet ɗin, muka shigo Jidda ana kiran magariba.

Asabar: Ammariyya

Ƙarfe tara na safe na bi lunguna har na sami gidan, ɗaki biyu a saman wani shago. Khala Zainabu, matarsa, ta karɓi makullin ta bayan labule.

"Fen Bakur? Ina yake?"

Na faɗa mata an tafi da shi. Ta ce mijinta ba ya buga ƙarfe, wa ya buga? Na ce ni ne.

"Kai ne Bulus ɗin? Ya ce mini ɗan ƙasarmu ne, mai hankali."

Ba ta ɗaga murya ba. Da ta zage ni da na fi samun sauƙi.

Sau uku ina zuwa tarhil, inda ake tsare waɗanda za a kora, ba a bar ni na wuce ƙofa ba. Madam ta yi kuka ta roƙi mijinta, kamfani ya ce ba ma'aikacinsu ba ne. Bayan mako uku Khala Zainabu ta aiko cewa an sa shi jirgin Kano tare da alhazan da suka ƙi komawa. A watan na ajiye aiki.

Kano zuwa gida

Jirginmu ya sauka Kano ƙarfe biyu na rana. Kwana huɗu ina yawo tsakanin zangon alhazai da Fagge da tashoshin mota. Wani mai shayi ya ce ya ga dogon dattijo mai Hausa gauraye da Larabci, yana tambayar hanyar garin kakansa, amma ba wanda ya gane sunan garin a bakinsa. Daga nan sawu ya ɓace. Na hau motar gida ƙarfe shida na safe, na iso da la'asar.

Na gode wa Allah da ya kawo ni lafiya, na gode wa zumuntar mata da suka tarye ni da waƙa. Na gode wa dattawa da suka miƙo mini rodi ran Lahadi don girmamawa, ku yi haƙuri da na mayar muku ban ce komai ba, yanzu kun ji dalili. Babbar godiyata ga Ammu Bakur take, ban kuwa san inda zan kai ta ba. Ku masu fatauci da masu jan mota, in kun gamu da dogon mutum mai cewa yalla da halas, ku ba shi masauki ku aiko mini. Ku ce masa Zainabu da yaran suna nan a Ammariyya, makullin yana hannunta, kuma ruwan bai zube ba.