Ɗan Fari da Nauyin Ubansa

Shekara uku na yi ina ɗaga ƙarfe a bayan rumfar wani mai walda a Agiye kafin ciwo ya kwantar da Baba, kuma a shekarun nan uku ban taɓa zaton akwai abin da ban iya ba. Kayan namu ba wasu na a zo a gani ba ne. Dogon ƙarfen da ke riƙe tayoyin amalanke ne, aka zuba siminti a manyan gwangwanaye ya daskare, aka zura su gefe da gefe. Ni mushe ne, wato malamin makaranta, ina koyarwa a lakol. In na yini gaban allo ina haɗiye fushi, bayan la'asar sai in je in sauke shi a kan ƙarfe. Wanda na fi so shi ne ɗagawa daga ƙasa: ka duƙa ka kama, ka miƙe da shi tsaye hannu a sake, ka mayar. Babu wata dabarar ɓoye gazawa, ko ya tashi ko ya ƙi.

Mai waldan dattijo ne, ya yi dako a tashoshi da ƙuruciyarsa kafin ya koyi wuta. Ya sha leƙowa ya ce mini, "Mushe, kana nesa da ƙarhe." Ni kuwa in ce masa to, in ƙara gwangwani. Ina da gaggawa, na sani. Ko shayi ba na jira ya huce.

Baba ya faɗi ne a gona lokacin tonon aya, a ƙauyenmu da ke kan hanyar Cadawa. Ɓarin jikinsa na hagu ya shanye, hannu da ƙafa, bakinsa ya ɗan karkace amma ana gane maganarsa. Babban mutum ne, mai faɗin ƙirji, ciwo bai rage masa nauyi ba. Ƙannena maza biyu suna ci-rani a arewa, ba su da halin dawowa nan kusa. Inna ta tsufa. Maƙwabta sun yi tayin taimako, Baba ya juya fuskarsa bango, ya ce muddin yana numfashi bare ba zai ga tsiraicinsa ba. Sai abin ya dawo kaina. Kullum bayan asuba in hau babur in je in ɗauke shi daga tabarma in kai shi bayan ɗaki, kan wata kujera da kafinta ya huda wa tsakiya, in maido shi, in koma lakol da gudu. Da yamma in sake.

To ni ɗan fari ne. Wanda ya tashi a wajenmu ya san abin da wannan ke nufi. Ana yaye ni aka kai ni Gidan Sori wurin kakata, can na girma. Baba bai taɓa kiran sunana ba, sai dai "kai", in kuma yana magana da wani ya ce "wancan". Bai taɓa ɗaukata ba a gaban mutane, ban taɓa cin abinci kwano ɗaya da shi ba. In na zo gaishe shi daga bakin ƙofa nake durƙusawa, idona a ƙasa, shi ma yana kallon wani wuri. Ba ƙiyayya ba ce, kunya ce, haka ya tarar, haka na tarar. Ƙanina na tsakiya har gemunsa yakan ja yana dariya. Ni kuwa na kai shekara arba'in ban san ɗumin hannunsa ba.

Saboda haka da ɗaukarsa ta kama ni, yadda na saba tsayawa gabansa haka na tsaya. In zo ta gefe, in rusuna, in miƙa hannuwa can nesa in zura su ƙarƙashin hammatarsa, in kawar da kai, in ja. Shi ma ya kawar da nasa. Tsakanin ƙirjina da nasa akuya za ta iya wucewa. Mako biyar muka yi a haka.

Wata Litinin da safe, na kai shi rabin tashi, na ji wani abu ya ce tsak a kwankwasona, zafi ya sauka har cinya. Na cije, na mayar da shi tabarma a hankali kamar dai na fasa ne don in gyara riƙo. Ban yi ƙara ba. Amma mutumin da ke hannunka ba ka ɓoye masa ciwo. Ya ce, "Bari." Na bari, don ko sunkuyawa ban iya ba.

A likita aka ce tsoka ce ta ji ciwo, aka ba ni ƙwayoyi, aka ce kada in ɗauki nauyi sai ta lafa. Kwana uku Inna ce ke gyara shi a inda yake kwance, da tsumma da ruwan ɗumi. Abin da ya karya shi ke nan. Ran na huɗu da na je, ta tare ni a zaure, ta ce, "Ya bar ci. Hura ma ludayi guda shika sha, shi ture. Ruwa sai shi jiƙa baki."

Na ce ko cikinsa ne.

Ta dube ni kamar ban yi lakol ba. "Cikinai lahiya lau. Ba shi son abin da za ya sa a ɗauke shi, ko a gyara shi."

Raina ya ɓaci, har da shi kansa, Allah ya yafe mini. Mutum zai kashe kansa da yunwa don kada ya nemi bayan ɗaki. Kuma ban isa in shiga in ce masa ci ba, ban taɓa ba shi umarni ko na wasa ba. Na durƙusa bakin ƙofa na gaishe shi, ya amsa fuskarsa na bango. Leɓensa ya bushe ya tsage.

A kwanakin nan ban iya zama wuri ɗaya ba. In shiga aji in rubuta rabin layi in manta sauran. In hau babur in je ƙauye, in tarar da ƙwaryar fura yadda aka dama ta, in juyo. Na kira ƙannena a waya na zazzage su a kan laifin da ba nasu ba. Na yi wa matata tsawa don ta ce in zauna in ci tuwo. Ƙarshe ƙafata ta kai ni rumfar mai walda, ba don in ɗaga komai ba, don dai ban san inda zan sa kaina ba.

Ya kashe injin, ya ɗaga gilashin idonsa, ya ga yadda nake tafiya a karkace. Na gaya masa duka, har abin da ban gaya wa matata ba. Bai yi mini jaje ba. Ya shiga ciki ya jawo buhun da babu komai ciki sai ɓawon gyaɗa, ya jingina shi a ƙasa.

"Ga tsohonka nan. Gwada mani yadda kaka ɗaukar shi."

Na ji kamar in tafi. Amma na zo ta gefe, na rusuna, na miƙa hannu, na kawar da kai. Jikina ya yi da kansa, ban ma yi tunani ba.

Ya fara dariya, sai kuma ya daina. "Mushe, wagga ai gaisuwa ce, ba ɗauka ba. Ashe shi ya sa. Shekara ukku ina kallon ka kana gaida ƙarhe. Kai a duƙe, baya kamar na kunkuru, ƙarhe can gaba. Na ce ko taurin kai ne."

Na ce masa ba haka ba ne. Haka ne kuwa.

Ya ce in jira kwana biyu zafin ya sauka. Da na dawo ya cire gwangwanayen duka, ya bar ƙarfen tsura a kan bulo biyu, a gaban mutanen da suka saba ganin ina cika shi. Ya ɗauko sandar tsintsiya ya ɗora mini a baya, ya ce wuri uku za ta taɓa, ƙeya, tsakanin kafaɗu, da ƙarshen gadon baya, in ɗaya ya rabu da ita to na karya. Ya sa na matso har ƙarfen ya zo kan tsakiyar ƙafata, yana shafar ƙwaurina. Ya ce in tura ɗuwawu baya, in buɗe ƙirji, in cika ciki da iska in riƙe. Ya ce kada in fizga, kada ma in yi tunanin ɗagawa, in taka ƙasa da ƙarfi kamar zan tura ta, ƙarfen ya hau jikina yana gogar ƙwauri da cinya har in miƙe.

"Nauyin da ke manne da kai naka ne, ƙahwa ka ɗaukar shi. In ka ba shi taƙi guda, baya za ya biya."

Na ɗaga. Sandar ta rabu da ƙeyata. Na sake. Ta rabu. Kaina ne ke faɗuwa da kansa, ko da babu wanda zan ji wa kunya sai ƙarfen amalanke. Sau nawa na jefar da shi na ce ba ni da lokacin wannan wasa, mahaifina na can yana bushewa. Mai walda sai ya ɗauki sandar ya tsaya yana jira.

Kwana biyar muka yi. Ran na uku ya mayar da gwangwani ɗaya kowane gefe, na ji ƙarfen ya tashi kamar an rage masa, cinyoyina suka yi aikin, kwankwaso bai ce komai ba. Ran na biyar ya cika buhu da rairayi, ya ɗaura masa igiya a tsakiya, ya sa na rungume shi. Ya ce in nemi zanen Inna mai ƙwari in ɗaura wa Baba a ƙugu, in riƙe nan maimakon hammata. In zaunar da shi tukuna, in sa ƙafafuna gefe da gefen nasa, gwiwata ta tare gwiwarsa mai ciwo, hannunsa mai lafiya a wuyana.

Na ce, "A wuyana?"

"In ba a wuyanka ba, a na wa?"

Ƙarfe da buhu ba su da ido. Duk hanyar ƙauye ranar Asabar da safe ina tunanin yadda zan fara. Na tsaya sau biyu ba dalili, na duba tayar da babu abin da ya same ta. Na wuce masu kai aya kasuwa a amalanke, na gaishe su da ƙarfi fiye da kima. Da na isa na karɓi zanen a hannun Inna, ta bi ni da kallo.

Ya rame. Kwana goma sha biyu sun ci fuskarsa, idanunsa sun faɗa. Na gaishe shi daga bakin ƙofa yadda na saba, sannan na tashi na shiga har kan tabarmar, na durƙusa a gabansa, daidai fuskarsa. Ya ɗan ja baya.

Na ce, "Baba, zan ɗauke ka. Amma sai na matso."

"Bayanka hwa?"

"Ya warke. Nisa ne ya ji mani ciwo."

Na zaunar da shi, na zagaya zanen a ƙugunsa na ɗaure. Na ɗauki hannunsa na dama na ɗora a wuyana. Ya bar shi a sake kamar ba nasa ba. Na matsa har ƙirjina ya haɗu da nasa, na ji ƙasusuwansa, na ji warin jikinsa, na man zafi da hayaƙin ɗaki. Kaina ya so ya faɗi. Na ɗaga kan, gemunsa ya gogi kuncina. Na cika ciki da iska, na taka ƙasa.

Muka tashi tare. Ban ji komai a baya ba. Abin da na ji shi ne hannun nan da ke wuyana ya ƙanƙame ni, da ƙarfin da ban zaci ya rage masa ba. Muka tsaya a tsakiyar ɗaki, shi a kan ƙafarsa mai lafiya, ni ina riƙe da sauran. Ya kamata in juya da shi zuwa ƙofa, amma na ji ya ja kansa baya kaɗan, yana dubana. Ban san inda zan kai idona ba, sai na bar shi a kansa.

Ya daɗe yana kallo. Sannan ya ce, da karkataccen bakin nan nasa, "Yaushe ka yi hurhura?"

Na kai shi bayan ɗaki, na jira a waje ina share fuska da hannun riga, na maido shi yadda na ɗauke shi. Da na zo kwance zanen ya riƙe ƙullin da hannunsa, ya ce a bar shi nan. Ya ɗaga murya ya kira Inna, ya ce ta kawo furar, ta cika ƙwaryar, wancan zai dawo da marece.