Kazar Inna da wuƙar da na ɓoye a buhun gero

Shekarun baya, na taɓa yin jinyar kaza a gidanmu na Ƙofar Dumi. Ku yi dariyarku, ni ma yanzu dariya abin yake ba ni. Amma a lokacin ko abinci ba ya wuce mini.

Kazar ta surukata ce, mahaifiyar maigidana, wadda duk gidan muke kira Inna. Tana da kajinta a bayan ɗaki, sai dai akwai wata wake-wake da ta fi ji da ita. Ita ce mai yawan ƙwai, kuma ita kaɗai ke shiga har ɗakin Inna ta tsinci tsaba a gefen tabarma ba a ce mata kur ba. Ni kuwa a gidan ma'aikaci na tashi, ban san kaza ba sai a faranti.

Ƙanwar maigidana ta haihu a Azare, Inna ta shirya za ta je ta zauna mata har a yi arba'in. Ranar tafiya, mai keke yana jira a bakin lungu, ta tsaya a ƙofar ɗakina ta ce, "'Yar nan, ga kajina nan, amana na bar miki. Musamman waccan." Ta nuna wake-waken da haɓa. Na ce to, Allah ya kiyaye hanya.

Sai na gaya muku wani abu kafin ku gane abin da ya hana ni sukuni. A lokacin na yi shekaru da aure, ko ɓatan wata ban taɓa yi ba. Ƙanwar maigidana da aka aurar a bayana, wannan ce haihuwarta ta uku. Inna ba ta taɓa ce mini uffan a kan maganar ba, ko da wasa, kuma shirun nan nata ya fi gori tsorata ni. Mai gori dai ka san abin da ke ransa. Kullum ina auna kallonta, ina cewa in ba ta yi magana yau ba gobe za ta yi. Don haka da ta ce amana, sai na ɗauki kajin nan tamkar jarrabawa aka ba ni.

Ba a jima da tafiyarta ba, wata safiya na buɗe akurki, kowa ya fito a guje ban da wake-waken. Da ta fito, tafiya take da ƙyar, wutsiya a ƙasa, ta ɗan taka ta tsuguna tana nishi. Ta shiga gurbinta ta daɗe, ta fito babu komai. Na watsa dusa, ko kallo ba ta yi ba. Can bayan la'asar na ga sauran kajin suna bin ta suna caccakar bayanta. Na ɗaga ta na duba, sai ga wani jan nama ya zazzago daga inda ƙwai ke fita, ya kumbura har da jini.

Maigidana ya dawo daga aiki na nuna masa. Ya juya ta sau ɗaya ya ce, "Wannan ai ta gama. Kawo wuƙa a yanka tun da sauran numfashi, kar ta zama mushe."

Na ce, "Kazar Inna ce fa."

Ya ce, "To Innar ce za ta so a jefar da ita a bola? Ko ta tashi ma ba za ta ƙara ƙwai ba. Kazar da ba ta ƙwai kuwa me za a yi da ita?"

Kaza yake nufi, na sani. Mutumin kirki ne, bai taɓa ɓata mini rai a kan haihuwa ba. Amma maganar ta zauna mini a ƙirji ta ƙi wucewa. Na roƙe shi ya bar ta zuwa safe, ya ce to.

In za a bi gaskiya yana da hujjarsa. A gidanmu mace ba ta yanka, shi kuma in ya fita da safe babu wani namiji a gidan sai ya dawo. Idan rai ya zo fita da rana babu mai sa mata wuƙa, an yi biyu babu, ba kaza ba nama. Na gane cewa safiya ce haɗarin. Sai na ɗauki wuƙar da ake layya da ita na cusa can ƙasan buhun gero. Har na juya, na tuna ta yankan albasa ma za ta iya aikin, na haɗa da ita.

Da gari ya waye ya nemi wuƙa sama ko ƙasa. Ni ma na taya shi nema, har ƙarƙashin gado na leƙa, fuskata kamar ban san komai ba. Da ya ga zai makara ya sa hularsa, ya tsaya ya dube ni ya ce, "Ke dai ki sani, sabo da kaza ba ya hana yanka." Ya gane sarai, ƙyale ni kawai ya yi. Kwanakin da suka biyo baya da reza nake yanka albasa.

Yana fita na leƙa ta katanga na kira maƙwabciyarmu. Mutuniyar wajen Tafawa Ɓalewa ce, ungozoma a asibiti, na yi sa'a ranar tana hutu. Ta shigo ta ga abin da na kira ta a kai, ta riƙe ƙugu tana dariya.

"Ni haihuwan mutane nake karɓa, yau kuma kaza? To kawo shi mu gani, ciwon 'ya mace na 'ya mace ne."

Ta taɓa cikin kazar ta ce ƙwai ne ya maƙale, yawan nishi ne ya turo naman waje. Ta sa na zuba ruwa mai ɗumi a roba, na riƙe kazar a ciki zuwa cikinta, ita kuma ta shafa mata man gyaɗa a wurin tana matsawa a hankali. Kazar tana kallona da ido ɗaya. Mun daɗe a haka har ruwan ya huce muka sake wani. Can dai ƙwan ya faɗo, ƙato, ɓawonsa taushi kamar leda. Muka aske gashin da ke kewaye da wurin, ta wanke naman da ruwan gishiri, ta shafa zuma, ta mayar da shi ciki da yatsa.

Ta ce, "Ki raba shi da sauran, in sun ga ja ba za su bari ba. Ki sa shi a duhu, ki rage abinci don kar ya yi wani ƙwai yanzu. Kar ƙuda ya sauka. Naman zai sake fitowa, ki wanke ki mayar. Amma fa ban yi miki alkawari ba."

Na sa ta a kwali na kai sito na rufe taga. Daga ranar na kasa zaune na kasa tsaye. Ina tuƙa tuwo ina leƙa sito, har tuwon ya kama. Ina sallah kunnena yana can, sai na rasa raka'a ta nawa nake. In na ji motsi in ruga, in na ji shiru in fi rugawa. Naman kuwa bai fasa fitowa ba, duk ta yi kashi sai ya biyo, ni kuma in wanke hannu in mayar. Zumar da aka kawo wa maigidana tsaraba don shayinsa, rabinta a gindin kaza ta ƙare. Da ya ga kwalbar sai ya dube ni ya ce ni ce ma na koma kamar wadda ƙwai ya fashe wa a ciki.

Inna takan kira a wayar ɗanta, in sun gama ya miƙo mini mu gaisa. Sai ta ce, "Ya kajina?" In ce, "Suna nan, Inna." Na roƙe shi kar ya gaya mata. Ba faɗa nake tsoro ba. Tsorona shi ne ta ce a yanka tunda ba amfani, kuma in ji hakan daga bakinta.

Sannu a hankali naman ya daina fitowa. Ta fara tsintar tsaki, ta fara tsalle tana neman fita daga kwali, na mayar da ita cikin 'yan uwanta. Sai dai ƙwai shiru. Kullum da safe in je in duba gurbinta in tarar wayam. Na san irin wannan dubawar, na daɗe ina yin irinta duk wata. Maƙwabciyata ta ce ba mamaki ta daina ke nan. Wata rana har na ɗauki ƙwan wata kaza na ajiye a gurbinta, wai don in Inna ta dawo ta gani. Na tsaya ina kallonsa, kunya ta kama ni, na mayar da shi inda na ɗauko.

Ranar da Inna ta dawo, tana idar da sallah ta zagaya bayan ɗaki. Wake-waken ta taho da gudu, Inna ta ɗauke ta, ta juya ta, ta ga inda muka aske mata gashi. Ta dube ni. Na durƙusa na zayyana mata komai, har da cewa tun ranar ba ta ƙara ƙwai ba, kuma wataƙila ba za ta ƙara ba.

Maigidana yana tsaye ya ce, "Ni tun farko na ce a yanka, Inna, ta ɓoye mini wuƙaƙe. Yanzu tunda ga masu zuwa sannu da zuwa, ai sai a yi farfesu da ita, tunda ba ƙwai."

Na sunkuyar da kai. Inna ta shafa bayan kazar. Sai ta ce, "A ina kika ɓoye wuƙar?"

Na ce, "A buhun gero."

Ta yi dariya har tana share ido da gefen mayafi. Sannan ta juya wajen ɗanta ta ce, "Kai, don ba ta ƙwai sai ta daina zama tawa? Mai yi da marar yi duk Allah ne ya yi su. Muddin ina raye babu mai fitar da ita daga gidan nan." Da shi take magana, amma ni take kallo. Ta miƙo mini hannu ta ce, "Tashi, 'yata, ƙasa da sanyi."

Tun da na zo gidan 'yar nan take ce mini, ranar ce ta fara cewa 'yata. Na shige sito na yi kuka mai isata, a gefen kwalin da na yi jinya a ciki.

Kazar ta yi shekaru tana shiga ɗakin Inna, ba ta ƙara yin ƙwai ko ɗaya ba. Tsufa ne ya kashe ta, ta zama mushen da maigidana yake gudu, kuma shi da kansa ya haƙa rami ya binne ta. Inna ba ta taɓa ɗaga maganar haihuwa ba har ta koma ga Allah. Sai daga baya na gane shirun da na yi shekaru ina tsoro kara ce take yi mini, ni kuma na zauna ina ta fassara shi da abin da ke raina.

Na san wasunku za su tambaya ko na haihu daga baya. Allah bai ba ni ba. Ina nan a gidan, ni na yi jinyar Inna a ciwonta na ƙarshe, kuma kajin bayan ɗakin nawa ne yanzu. Har yau in zan ɗebi gero, a hankali nake zura hannu cikin buhu, sai in tuna da Inna in yi mata addu'a.